Hajiya Ba Ta Iso Ba

Tun da aka fara girbin gero Malam Ɗayyabu ya kasa zama wuri ɗaya. In ya zauna a zaure sai ya ji zauren ya yi masa kaɗan, in ya shiga ciki kuma gidan ya yi masa yawa. Ya kunna rediyo ya kashe, ya ɗauki carbi ya ajiye, ya tambayi 'yarsa Ihsan ƙarfe nawa alhali ga agogo a hannunsa. Da an yi sallamar la'asar kuwa, kafin jama'a su gama shafa addu'a shi ya riga ya sa takalmi. Sai ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya cusa shi cikin riga, ya hau tsohon babur ɗinsa, sai lambun shaƙatawa na bakin dam.

Lambun ba wani abin a zo a gani ba ne. Itatuwan dalbejiya ne, da kujerun siminti, da wani lilo da sarƙarsa ta tsinke tun bara. Matasan Kazaure ne ke zuwa su ɗauki hoto su tafi. Amma daga kujerar ƙarshe ana hango ruwa shimfiɗe har gindin duwatsu, a tsallaken wani ɗan siririn reshen ruwan kuma ga benayen masu hali a jere. A wannan kujera Malam Ɗayyabu yake zama, kullum a gefen hagu. Gefen dama ko hularsa ba ya ajiyewa.

Madubin na Julius ne, abokin aikinsa a ofishin gandun daji, wanda ya bar masa shi da ya yi ritaya zai koma garinsu. Da shi yake kallon balbelu suna dawowa kiwo, da zalɓe yana tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, da garken kirinjijiya masu fito. Amma duk waɗannan rage lokaci ne. Wadda yake jira daban ce.

Wata 'yar tsuntsuwa ce, ba ta kai tafin hannu ba, cikinta rawaya, jelarta doguwa, ba ta taku biyu ba ta kaɗa ta ba. Duk damina ba a ganinta, sai kaka ta yi take sauka a bakin bututun da ke zubo ruwa gaban kujerar. Matarsa Bahijja ce ta fara lura da ita, lokacin da ciwo ya kama ta likita ya ce a riƙa fitar da ita tana shan iska. Ita ce kuma ta raɗa mata suna.

“Dubi Hajiya,” ta ce da shi wata kaka da tsuntsuwar ta sake dawowa, tana dariya har da tari. “Kowace shekara sai ta yi tafiya, ta dawo da sabon mayafi tana mana yanga.”

Ya taɓa ce mata ai ba lalle ba ne tsuntsuwar bara ce ta bana, irinsu da yawa suke zuwa daga arewa. Ta harare shi ta ce shi dai ya cika aikin ofis, Hajiya dai Hajiya ce.

Bahijja ta rasu da farkon damina, shamuwa na sauka. Ana gobe za ta cika ta kama hannun rigarsa ta ce, “Malam, bana ba zan ga Hajiya ba. In ta dawo ka ce ina gaishe ta.” Ya ce mata ta bar wannan zancen. Ta ce, “Na dai ba ka saƙo.”

To, saƙon nan shi ne ya hana shi sakat. Wanda aka ba gaisuwa ya kai wa mai rai ma ba ya son ta kwana a bakinsa, balle gaisuwar wadda ta riga mu gidan gaskiya. Ga shi an gama gero, dawa ta fara nuna, shamuwa na ta taruwa a sama suna shirin tafiya, Hajiya shiru.

Da a ce ya riƙe bakinsa da babu abin da zai faru. Amma akwai Yakubu mai gadin lambun, mutumin da in ya ga kaza ta tsallaka titi sai ya nemi sanin gidan da za ta. Wata rana Malam Ɗayyabu na fita, ransa a jagule, Yakubu ya tare shi da gaisuwa.

“Yallaɓai, yau ma har an tashi? Kamar dai wani ake jira.”

“Hajiya ce ba ta iso ba,” in ji Malam Ɗayyabu, hankalinsa na can wani wuri. “Bara war haka ta zo.”

Ya buga babur ya tafi, bai ma san ya yi magana ba. Yakubu kuwa ya tsaya baki buɗe. Ya dubi kujerar, ya dubi inda madubin ke fuskanta kullum, ya ga benaye a tsallaken ruwa. Shi ke nan, lissafi ya fita. Kafin sati ya zagayo, daga teburin mai shayi har majalisar bakin tasha an san cewa tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda matarsa ko shekara ba ta yi a ƙasa ba, yana leƙen wata Hajiya da madubin Turawa. Kuma tun da a ɓoye ake yi, ai ka san matar wani ce. Har an fara gardamar ko ta wane bene ce. Mutanenmu ke nan, ka ba su zare su ɗinka maka babbar riga har da aiki a wuya.

Shi kaɗai ne bai ji ba, sai ranar da Ihsan ta kawo masa tuwo ta durƙusa ta ƙi tashi. Ita ce autarsa, ita kaɗai ta rage masa a gidan. Shekarun jinyar uwarta tana Kano tana karatu, don haka ba ta san komai game da lambu ba. Akwai wani malamin makaranta, Sabiru, ɗan mutanen Gwiwa, da suka daidaita tun tuni. Iyaye sun gaisa, abin da ya rage a sa rana.

“Baba,” ta ce, “baffan Sabiru, Alhaji Maikasuwa, ya shigo gari bincike.”

“To ai al'ada ce. Su bincika, me muke ɓoyewa?”

“Sun ce a dakata da maganar sa rana.”

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. “A kan me?”

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Da ta ɗago, idonta ya cika. “Baba, don girman Allah, wace ce Hajiya? In aure kake so, wallahi ba na ƙi, ni da kaina zan gyara mata ɗaki. Amma cewa ake yi matar aure ce. Sun ce ba za su haɗa zuri'a da gidan da ake irin wannan ba.”

Malam Ɗayyabu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Amsar tana nan a kan harshensa, gajeriya, amma ta ƙi fita. In ya ce tsuntsuwa ce, sai ta ce wa ya sa mata Hajiya. In ya faɗi wanda ya sa, sai ya faɗi kujerar, da dariyar, da hannun rigarsa da aka kama. Shi kuwa a gidan da ya tashi namiji ba ya nuna yana kewar matarsa, balle a gaban 'yar cikinsa. Ranar da aka kai Bahijja makwanci idonsa a bushe yake, har ana yaba masa tawakkali. Tun daga ranar ko sunanta bai ƙara kamawa ba, sai dai ya ce mai rasuwa.

Da kunya ta rasa hanyar fita sai ta zama faɗa. “Tashi ki ba ni wuri! Ni za ki titsiye da zancen 'yan shayi?”

Ta tashi ta shige ɗaki. Yana jin kukanta ta cikin labule, tuwon ya huce a gabansa.

Ya yanke shawarar ya daina zuwa lambun, ƙurar ta lafa. Ya sa madubin a ƙasan akwati ya danna tufafi a kai. Rana ta farko ya share zaure da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ta biyu ya kwance kacar babur ɗin da lafiyarta ƙalau ya sake ɗaurawa. Da la'asar ta yi sai ƙafafunsa su fara ƙaiƙayi, ya fita ƙofar gida ya dawo, ya sake fita. Ya ɗaga kai ya ga sararin sama wayam, shamuwa sun tafi. Tsoro ya kama shi, don ya san tsuntsaye irin su Hajiya wani lokaci yada zango kawai suke yi su wuce. In ta zo ba ya nan fa? Sai ya riƙe gaisuwar har wata kakar, kuma wa ya ba shi tabbacin zai kai?

Ga shi zaman gidan bai gyara komai ba. A masallaci an fara cewa ai mijin Hajiyar ne ya gano, shi ya sa tsohon ya ɓuya. Sabiru ya daina zuwa zance. Ihsan ta rame, tana kawo abinci ta ajiye ta juya ba tare da sun haɗa ido ba. Ya gwada shirya abin da zai je ya faɗa wa Maikasuwa, ya ji ko shi aka gaya wa ba zai yarda ba. A ƙasar nan tsuntsu ko dai a kore shi daga gona ko a gasa shi. Wane dattijo ne zai bar gidansa kullum ya je ya zuba wa tsuntsu ido, bai kama ba, bai ci ba?

Ranar Laraba dai ya kasa daurewa. Ya tone akwati, ya rataya madubin, wannan karon a kan riga, kowa ya gani. Yakubu ya washe baki zai yi gaisuwa, Malam Ɗayyabu ya wuce shi kamar bai ga mutum ba.

Daga nesa ya hango mutum a kujerarsa. Wani ƙaton dattijo ne da farar babbar riga, ya baje a gefen dama, daidai wurin Bahijja. Ransa ya ɓaci tun kafin ya gane ko wane ne. Alhaji Maikasuwa ne, dillalin hatsi, wanda aka sani a kasuwannin Gwiwa da Babura da cewa ba ya sayen buhu sai ya soka hannu har ƙasa.

Suka gaisa irin gaisuwar surukai, doguwa, kowa na kallon ƙafar ɗan'uwansa. Aka tambayi iyali, aka tambayi kaka, aka yi wa juna barka da amfanin gona. Da gaisuwa ta ƙare Maikasuwa ya gyara zama.

“Malam, ni ɗan kasuwa ne, ban iya kwana-kwana ba. Yaronmu ya daina cin abinci, uwarsa ta hana ni barci. Na ji magana a gari, amma ba na sayen kaya da ji. Tun shekaranjiya nake zuwa nan ban same ka ba. An ce kana jiran wata Hajiya. To, na zo mu jira ta tare.”

Malam Ɗayyabu ya zauna a gefensa na hagu. “Alhaji, tsuntsuwa ce.”

“Na'am?”

“Hajiyar. Tsuntsuwa ce.”

Maikasuwa ya yi wata 'yar dariya, sannan dariyar ta ɗauke. “Malam, dubi gemuna. Na zo maka da mutunci, ka mayar da ni yaro? Da ka ce mini kuskure ne, shaiɗan ne, ka tuba, wallahi da na rufa maka asiri an wuce wurin. Amma tsuntsuwa?” Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. “Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Sai an jima.”

Ya fara tafiya. Malam Ɗayyabu ya bi bayan farar rigar da kallo, ya ga auren Ihsan ne ke tafiya, a kan wata kunya tasa da ba ta ciyar da kowa ba.

“Matata ce ta sa mata sunan!”

Da ƙarfi maganar ta fita, har wasu 'yan mata masu ɗaukar hoto suka waiwayo. Maikasuwa ya tsaya.

“Nan take zama,” in ji Malam Ɗayyabu, yana nuna gefen dama. “Inda ka tashi. Da ƙafarta ta daina ɗaukarta, goya ta nake yi daga bakin ƙofa zuwa nan, in na duba babu kowa. Ba ta iya cin abinci, ba ta iya barci, amma in tsuntsuwar nan ta sauka tana kaɗa jela sai ta yi dariya. Ni kuwa, Alhaji, dariyar nake zuwa ji.”

Ya ƙi tsayawa, don ya san in ya tsaya ba zai iya ci gaba ba. Ya faɗi yadda aka yi sunan. Ya faɗi hannun rigarsa da aka kama, da saƙon da aka ba shi. “Ko 'yarta ban gaya wa ba. Ta tambaye ni, na kore ta. Na fi shekara talatin da matar nan ban taɓa ce mata ina jin daɗin zama da ita ba, kullum ina ganin akwai gobe. Abu ɗaya ta roƙe ni, in kai mata gaisuwa, shi ma ga shi na kasa. In wannan ne zai hana ku 'yata, to ku sani laifina ne, ita ba ta san komai ba.”

Ya gama maganar yana haki kamar wanda ya yi gudu. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Maikasuwa ya dube shi. Sannan ya dawo a hankali. Ya dubi gefen dama na kujerar, bai zauna ba, ya tattare rigarsa ya tsuguna a ƙasa kusa da ita.

“Yaya kamanninta?” ya tambaya, muryarsa ta sauka.

“Ƙarama ce. Cikinta rawaya. Jelarta doguwa.”

“Tana tafiya tana kaɗa ta, kamar mai tankaɗe?”

Malam Ɗayyabu ya juyo da sauri.

“Ikon Allah,” in ji Maikasuwa. “Ai tun shekaranjiya wata 'yar rawaya ke ta kai-komo a bakin bututun can. Har na jefe ta da tsakuwa don ta dame ni, ta tashi ta dawo. Ga ta can ma, bayan ciyawar.”

Malam Ɗayyabu ya ɗaga madubin. Ya ga ruwa, ya ga ciyawa, ya ga ƙafar wata balbela, ya rasa bututun gaba ɗaya. Ya sauke, ya goge gilashin da bakin riga, ya sake ɗagawa. Sai ga ta. Tana tsaye a kan siminti mai gansakuka, ta ɗan rame da tafiya, rawayar cikinta ta ɗan koɗe, amma yangar na nan. Ta yi taku biyu, ta kaɗa jela, ta cafke wani ƙwaro. Ashe ta iso tun yana gida yana kwance kacar babur.

Ya cire madubin ya ajiye a gefen dama na kujerar. Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya taka a hankali har inda ya san in ya wuce za ta tashi. Ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babbar mace.

“Hajiya, sannu da hanya,” ya ce. “An zo lafiya?”

Tsuntsuwar ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya.

“Bana ni kaɗai ne.” Ya tsaya, ya ja numfashi. Sunan da ya yi wata da watanni bai kama ba ya taso masa. “Bahijja ta ce in gaishe ki.”

Ta kaɗa jela, ta ci gaba da kiwonta. Ruwa na ta zuba daga bututun. Malam Ɗayyabu ya tsaya da hannuwa a sake, ya ji wauta ta kama shi, ga shi tsoho da furfura yana magana da abin da ba zai taɓa mayar masa ba. Gaisuwa kuwa in ba a amsa ba kamar ba a kai ta ba ne.

Sai ya ji muryar Maikasuwa daga bayansa, ƙasa-ƙasa, yadda ake amsa wa wanda ba ya iya magana.

“Tana amsawa, Malam.”

Nan hawayen da bai zubar a maƙabarta ba suka zo masa, babu sallama. Ya yi kuka sosai, kafaɗunsa na girgiza, bai ko rufe fuska ba.

Maikasuwa ya miƙe ya juya masa baya, ya baza babbar rigarsa ya tsaya tsakaninsa da masu hoto. Ya hango Yakubu yana leƙe daga bayan dalbejiya, ya daka masa tsawa: “Kai, koma bakin ƙofarka! Ka ga Hajiyar, sai ka je ka ba da labari.” Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, “Ranar Juma'a za mu zo sa rana. A gaya wa 'yarmu.”

Ana kiran magariba Malam Ɗayyabu ya isa gida. Ihsan na tsakar gida tana zuba ruwa a buta, ta ga idanunsa sun yi ja, ta tsaya da butar a hannu.

“Juma'a suna zuwa,” ya ce. Ya jingina babur, ya daɗe yana gyara tsayuwarsa ba gaira ba dalili. “Gobe da la'asar ki shirya. Akwai ƙawar mahaifiyarki da ta zo gari, zan kai ki ku gaisa.”